Ranar da Baba ya kori likita sau biyu

Shekarun baya, can bayan farin nan da ya share garkunan mutane, ina goyon ɗana na uku, ciwo ya kama mahaifina. Ciwo ne mai haƙuri, ba mai gaggawa ba. Ya fara da ƙin abinci, tuwo ya koma mishi kamar ƙasa a baki. Sannan ido ya yi ruwan ɗorawa. Sannan ciki ya tashi, mutum yana ramewa, ciki yana girma. Anka yi rubutu ya sha, anka jiƙa sassaƙe, anka yi hayaƙi, shiru. Da bazara ta kai tsakiya yayana ya ce a kai shi likita. Shi ba ya iya barin sharar gona, mahaifiyarmu kuwa ta daɗe da riga mu gidan gaskiya, sai jinya ta faɗo kaina. Munka ɗora shi bisa amalanken shanu, munka ƙetare koramar Maggiya tana busasshiya, rairayi har idon sawu, munka nufi wani gidan likita da ke wajen Ƙwanni.

Mahaifina tsohon soja ne. Tun kafin a haife ni Nasara sunka ɗebe su zuwa ƙetaren teku, ya dawo, ya rataye wannan zance, ya ɗauki hauya. In ka gan shi da tsohuwar taguwa da faso a ƙafa, ba ka cewa ya taɓa wuce kasuwar Illela. Abin da ya rage mishi na soja shi ne in jakinmu ya ƙi tafiya, sai ya zazzaga mishi wasu kalmomi na Faransanci. Ni har na yi wayo ina zaton Faransanci yaren jakai ne. Yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarshi anka sa mani.

Kai, wannan gidan likita, har gobe ina ganinshi. Ɗaki ɗaya dogo, gadaje na ƙarfe jere, sai fili mai itatuwan dogon yaro. Nan mu masu jinya munka kafa murhunmu, kowa da duwatsunta uku. Ba wadda ta san wata daga gida, amma kafin kwana uku mun zama 'yan ɗaki ɗaya. Wata daga Bazaga ta ba ki gishiri, Bafillata ta zuba miki nono, in za ki ɗebo ruwa wata ta karɓi goyonki ta saɓa. In wani ya cika a ciki, duk murhun filin sai a rage wuta. Ban sake ganin zumunci irin na ƙarƙashin itatuwan nan ba.

Masu duba mu biyu ne. Akwai tsohon majo, wato babban ma'aikacin jinya, mutumin Adar mai furfura, wanda ya fi shekara ashirin a wurin. Ya san kakan kowa. Sai kuma sabon likita, matashi daga Damagaram, bai daɗe da gama lakwal ba, wato makarantar likita. Dogo ne siriri, farar rigarshi kullum kamar yau anka ɗinka ta. Hannunshi na da sanyi, allurarshi ba ta zafi. Amma ba ya tsayawa. Yana tafiya kamar wanda ya bar tukunya a wuta, kuma bai taɓa duban idon mutum ba. A muƙami shi ne sama da majo, ga shi kuwa majo ya haife shi.

Kowace safiya sukan zo su biyu. Likita ya latsa cikin Baba, ya buɗe mishi ido, ya saurara da igiyar kunnenshi. Sannan ya juya wajen majo su yi ta Faransanci bisa kan mara lafiya, kamar yadda manya ke jan labule in za su yi zancen da ba na yara ba. Hausa ce a bakin likitan nan tun daga nono, amma da anka zo kan abin da ya gani, sai ya shige cikin Faransanci ya rufe ƙofa. Baba kuwa ya lumshe ido kamar mai barci. Ni ma ban kawo komai ba. Ina ce abin da Baba ya sani bai wuce na jaki ba.

Ana nan, ana nan, har kwana goma sha bakwai. Zafi ya tsananta, gabas ta fara yin baƙi da yamma, kowa a filin zancenshi ɗaya, ruwa ya kusa. Mu mutanen ƙetare mun san abin da wannan ke nufi. In babban ruwa ya sauka, Maggiya ta cika ta batse, amalanke ba ya wucewa sai ta ga dama ta janye.

Ran nan da safe likita ya rubuta wata takarda ya miƙo mani.

"Gobe mota za ta tafi Yamai, babbar likita. Ku shirya kayanku."

Wallahi daɗi ya kama ni. Yamai, babban birnin ƙasa! Na ninke takardar na ƙulle a bakin zane kamar laya. A raina na ce ai shi ke nan, Baba ya warke, tunda takarda ta fito. Sai na ga majo ya ce da likita wani abu a hankali. Likita ya amsa gajere, ya ɗaga kafaɗa.

Sai murya ta fito daga gado. Faransanci, tsaf, ba na jaki ba. Dogon zance, a natse, ido a buɗe.

Alƙalami ya faɗi daga hannun likita. Ya dubi Baba, ya dubi majo. Bai tsaya ɗaukar alƙalamin ba, ya fice.

Na ce, "Baba, mi ka ce mishi?"

"Tambaya na yi, Uwata. Ba ta samu amsa ba."

Majo ya jawo kujera ya zauna. "Baba, ashe kai soja ne?"

"Sarjan."

Majo ya miƙe tsaye ya buga ƙafa ya sara mishi, har masu jinyar gadon kusa sunka yi dariya. "Sarjan, kwana goma sha bakwai kana jinmu?"

"Ina jinku. Har ranar da kunka ce ƙafafuna na wari."

"Wannan ba ni na faɗa ba."

"Kai ne. Na san muryarka."

Sunka yi dariya, Baba yana riƙe da ciki. Da dariya ta lafa, majo ya rage murya. Ya ce, "Sarjan, yaron nan na da ilimi, kuma zuciyarshi ba mugunta. Shekaru anka yi ana koya mishi jikin mutum, ina hanta take, ina saifa take. Amma ba wanda ya koya mishi inda zai sa idonshi ranar da magani ya ƙare. In ya ga abin ya fi ƙarfinshi, sai ya rubuta takarda a ɗauke mutum daga gabanshi. Na yi magana har na gaji, amma ni majo ne, shi dokotoro. Kai zai ji. Ka ara mani kanka na yini ɗaya."

Baba ya ce, "Turo shi. Na horar da waɗanda sunka fi shi taurin kai."

Na ji kalmar nan, ranar da magani ya ƙare. Na ji ta sarai. Amma na ture ta gefe, na shafa ƙullin zanena, na fita hura wuta.

Da hantsi likita ya dawo, majo na bayanshi. Ya tsaya daga ƙafar gado, hannu cikin aljihu, idonshi a kan bango.

"Baba, jiki da sauƙi. A Yamai akwai na'urori, za su ƙara dubawa."

Baba ya ce, "Da wa kake magana, ni ko bangon?"

"Da kai, Baba."

"To abin da ka gaya wa majo da safe ke nan?"

Likita ya sauke ido ƙasa.

"Koma. In ka samo gaskiyar ka dawo da ita."

Ya juya ya fita, majo ya bi shi. Ta taga na hange su ƙarƙashin itace, majo na magana da hannu biyu, likita na haƙar ƙasa da bakin takalmi.

Bayan azahar zafi ya hana zama ciki, munka fito da Baba bisa tabarma a inuwa. Ina dama mishi kunu sai ga likita ya taho da sauri, ya ɗaure fuska kamar mai shirin faɗawa rijiya. Ko sallama bai yi ba. Ya tsaya a kanmu, gaban duk matan filin, ya ce da ƙarfi:

"Baba, hantarka ta lalace. Ba ta gyaruwa. Sati uku ya rage maka."

Ludayi ya suɓuce mani. Mata sunka ɗauki salati. Goyona ya tsala kuka. Ban san lokacin da na miƙe ba, na ce, "Bakinka ya sari ɗanyen kashi!" Ni da ko miji ban taɓa ɗaga wa murya ba, ga ni ina zagin dokotoro a bainar jama'a. Majo kuwa ya dafe kai da hannu biyu.

Baba bai motsa ba. Ya ce, "Zauna, Uwata." Sannan ya dubi likita. "Sati uku. Kai ka rubuta su? A aljihunka suke?"

"A'a, Baba."

"To kada ka ƙara yanka wa mutum kwana. Na farko ka kawo mani ruwan da ba ya kashe ƙishi, yanzu ka kwara mani tafasasshe, har ya fallatsa wa ɗiyata. Koma. Amma tsaya ka ji wannan tukuna."

Sai ya ba shi labarin da ni kaina ban taɓa ji ba. Ya ce da sunka dawo daga ƙetare, akwai abokinshi da bai dawo ba, shi anka ɗora wa kai labari ga uwarshi, can wani ƙauye bayan Illela. Ya ce kwana biyu ya yi yana tafiya yana haɗa maganar a bakinshi. Da ya isa, tsohuwa ta shimfiɗa mishi tabarma, ta kawo hura. Ya zauna ya sha. Ta tambayi hanya, ya amsa. Ta tambayi teku, ko gaskiya ne ba a ganin ƙarshenta, ya amsa. Ba ta tambayi ɗanta ba, shi ma bai ambata ba. Sai da inuwa ta juya, ta gyara zama ta ce, "To ɗana, yanzu na shirya. A ina anka binne shi?"

Baba ya ce, "Tun da ta gan ni ni kaɗai ta sani. Abin da take so in zauna har ta iya tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda ke mishi yoyo, likita. Ba labari za ka kawo mani ba. Tafi ka yi tunani."

Ya tafi. Na gan shi bakin rijiya yana wanke fuska, ya daɗe yana wankewa. Ni kuwa na koma bayan ɗaki na yi kukana, na share, na dawo na ce a raina ƙarya yake, yaro ne, mi ya sani. Yamai na nan.

Bayan la'asar iska ta fara kaɗawa, gabas ta haɗe. Sai ga likita ya taho a hankali, ba farar riga, sai 'yar taguwa kamar ɗan kowa. Ya yi sallama daga nesa. Ya dubi matan da ke kusa ya ce, "Iyayena, ku ɗan ba mu wuri." Sunka ja murhunsu baya. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a bakin tabarma, ƙafafunshi dogaye sun rasa inda za su shiga. Majo ya tsaya can jikin itace bai matso ba.

"Baba, ina wuni. Ƙaƙa jiki?"

"Jiki ga shi nan."

"Gonarka ta tudu ce ko ta fadama?"

"Ta tudu. Hatsi da wake. Ɗana na can yana shara."

Sunka ɗan taɓa zancen gona. Wannan karon likita bai tashi ba. Can ya ce, "Baba, kai da ke cikin jikin nan, mi kake gani?"

Baba ya shafa cikinshi. Sannan ya ce, "Ina ganin ba ni cin sabon hatsi."

Na jira likita ya ce a'a. Na zuba mishi ido ina roƙo a zuci. Bai ce a'a ba. Ya sunkuyar da kai, ya ɗago, ya dubi Baba cikin ido, karo na farko tun zuwanmu.

"Kwana na Allah ne, ban san adadinsu ba, na yi kuskure da na faɗa. Abin da na sani shi ne, ciwon nan ya wuce maganin da ke hannuna. Kuma a Yamai ma babu wanda zai tsayar da shi. In akwai abin da kake son yi, ko wanda kake son gani, kada ka jinkirta."

"Madalla. Sai mi?"

Likita ya waiga wajen majo. Majo ya kau da kai, ya bar shi shi kaɗai. Likita ya ce, "Sai in tambaye ka. A ina kake so ka kasance?"

"Ɗakina. Ƙofarshi na duban gona."

"To zan zuƙe maka ruwan cikin nan gobe da sassafe, ka samu sauƙin hanya. Zan ba da maganin zafi. Ba warkewa ba ne, amma za ka yi barci, za ka iya magana da mutanenka."

Baba ya gyaɗa kai. "Ka gama da ni. Ni mai sauƙi ne, na riga na sani. Yanzu juya ka gaya wa mai takarda."

Ya juyo gare ni. Ni kuwa na dunƙule bakin zane cikin hannu.

"Yaya," in ji shi, "kin ji abin da munka ce."

"Na ji. Amma kai ka rubuta wannan da hannunka. Da safe Yamai na da magani, da yamma ba ta da shi?"

"Da safen ma ba ta da shi."

"To don mi ka rubuta?"

Ya dubi ƙullin da ke hannuna. Sannan ya ce, "Don in huta da ganin idonki kowace safiya. Ki gafarce ni. In kin ce a tafi, mota na nan, ba ni hana ku. Amma hanya doguwa ce, ga jikinshi yadda yake. In abin ya zo can, ke kaɗai ce, ba yayanki, ba dangi, kuma can za a binne shi. In kuma ruwan nan ya sauka kuna nan, gidan ma ya gagara."

Na dubi Baba ko zai taimake ni. Ya ce, "Uwata, an taɓa kai ni nesa ba da sona ba. Kada ki zama ta biyu."

Da haƙori na kwance ƙullin nan, don hannuna ya ƙi. Takarda ta jiƙe da zufa. Ban miƙa mishi ba, na ajiye a kan tabarma, na ɗauki tulu na tafi rijiya, alhali randarmu cike take.

Washegari likita ya cika alkawari. Ya zuƙe ruwan, Baba ya yi numfashi mai daɗi. Ya zauna ya nuna mani yadda zan riƙa juya shi kada baya ya yi gyambo, yadda zan jiƙa mishi leɓe in haɗiya ta gagara, da lokacin ba da magani, ɗaya da fitowar rana, ɗaya da faɗuwarta. Ya ce in ya ƙi abinci kada in matsa mishi. Ina ji, ina gyaɗa kai. Motar Yamai ta tashi a gaban idona. Majo ya samo mana wani mai amalanke mutumin wajenmu da ya kawo albasa kasuwa. Matan filin sunka raka mu har bakin hanya, kowa da ɗan abin da ta ƙulla mana.

Da anka ɗora Baba, ya ɗaga hannu da ƙyar ya sara wa likita. Ya ce, "Ka ci jarrabawa, amma da ƙyar." Majo ya yi dariya har da hawaye. Likita ya zagayo wajena ya ce, "Yaya, Allah ya kiyaye hanya." Ni kuwa na kau da fuska, na gyara goyona, na ce da mai amalanke mu tafi.

Munka ƙetare Maggiya da rana tsaka, iska na tura mu. Kwana ɗaya tsakani ruwa ya sauka, irin wanda anka daɗe ba a gani ba, kwari ya cika har ya hau gonaki.

Kwana goma sha biyu Baba ya yi a ɗakinshi. Daga shimfiɗa yana hangen yayana da yara suna shuka, har yana aika musu faɗa cewa sun cika tazara. Ya sa anka ɗebo mishi jiƙaƙƙiyar ƙasa a tafin hannu ya shinshina. Gari duka sunka zo, ɗaya bayan ɗaya, ya nemi gafarar kowa, kowa ya nemi tashi. Har wani ƙanenshi da sunka yi shekaru ba sa ga maciji ya zo, sunka rufe ƙofa, da ya fito idonshi ja. Ranar da ya cika, da hantsi ne, kanshi bisa cinyata, yayana na laƙƙana mishi kalmar shahada. Anka kai shi kusa da mahaifiyarmu.

Na daɗe ina jin haushin likitan nan. In an ambaci gidan likita sai in ce ai can ne yaro ya yanke wa ubana ƙauna. Sai da shekaru sunka tura, na ga mutane da yawa an ɗauke su a mota ana ce musu da sauƙi, ba su dawo ba, ba su yi sallama da kowa ba, sannan na gane abin da anka ba mu. Kwana goma sha biyun nan, duk abin da na riƙe na ubana mai daɗi yana cikinsu. Kuma ba a banza sunka zo ba. Sai da wani ɗan mutane ya sha kora sau biyu da zagi ɗaya, ya haɗiye, ya dawo na uku.

Yau in yana raye shi ma tsoho ne, wataƙila da jikoki kamar ni. Ban san sunan garin da ya ƙare ba. Ya ce mani Allah ya kiyaye hanya, Allah kuwa ya kiyaye, ni ce ban amsa ba. Shi ya sa har yau, in na idar da salla na yi wa iyayena addu'a, nakan ƙara da cewa, amin likita, kai ma Allah ya kiyaye taka.